Filin Tambayoyinku: Mikel Obi da aikin da ba a tafa wa

Wasiƙun da suka taru a wannan makon kusan duk a kan mutum ɗaya suka faɗo, wato John Mikel Obi, tsohon kyaftin ɗin Super Eagles kuma tsohon ɗan wasan tsakiya na Chelsea. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, na kuma taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Mun daɗe muna musu a majalisarmu a kan Mikel Obi. Ni ina cewa da ya tafi Manchester United tun farko, da yanzu ana ambatonsa tare da su Messi, domin a 2005 shi ne ya zo na biyu a bayan Messi, amma Mourinho ya kashe masa wasa, ya mayar da shi mai ba da ƙwallo baya. Abokina kuma ya ce ba haka ba ne. Don Allah ka raba mana gardama. Daga wani mai karatu a Fagge, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wannan musu ya girmi majalisarku, domin tun ranar da Mikel ya fara sanya riga mai lamba 12 a Chelsea ake yin sa a gidajen kallo, kuma ba na tsammanin amsata za ta kashe shi. Duk da haka zan faɗi abin da nake gani, amma sai mun fara komawa inda maganar ta samo asali.

Abin da ka ce game da 2005 gaskiya ne. A gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Holan, Najeriya a ƙarƙashin Samson Siasia ta kai wasan ƙarshe, inda Ajantina ta doke ta da ci biyu da ɗaya, kuma duka ƙwallayen biyu Messi ne ya ci su a bugun fenariti. Da aka zo raba kyaututtuka, Messi ya ɗauki ta zinare, Mikel ya ɗauki ta azurfa, Taye Taiwo kuma ta tagulla. A lokacin Mikel yana da shekara 18, yana wasa a bayan 'yan gaba, shi ne mai raba ƙwallo, kuma duk wanda ya kalli gasar ya ga yaron da ƙwallo ba ta yi masa gardama. Bayan 'yan watanni, a gasar cin kofin Afirka ta 2006 a Masar, aka sako shi daga benci a wasan Zimbabwe, ya ba da ƙwallon da aka ci ta farko, ya ci ta biyu da kansa. Jay-Jay Okocha yana dab da ajiye takalma a lokacin, don haka 'yan Najeriya suka riga suka yanke hukunci cewa an samu magaji. Wannan fata da aka ɗora masa ita ce tushen duk wani ɓacin ran da ya biyo baya.

Batun Manchester United kuwa, a watan Afrilun 2005 ƙungiyar ta sanar cewa ta saye shi daga Lyn ta ƙasar Norway, har aka ɗauki hotonsa sanye da jar riga. Chelsea ta tayar da ƙayar baya, ta ce ita ce ta ɗauki ɗawainiyarsa tun kafin ya je Norway, shi ma yaron ya fito ya ce an matsa masa lamba ne ya sa hannu, kuma Chelsea yake so. Aka shafe fiye da shekara ana ja-in-ja, sai a watan Yunin 2006 aka sasanta: Chelsea ta biya United fam miliyan 12, ta biya Lyn fam miliyan 4. Wato United ta kwashi wannan kuɗi a kan ɗan wasan da bai taɓa buga mata ko minti ɗaya ba. Daga baya wata kotu a Norway ta samu wani babban jami'in Lyn da laifin yin jabun takardu a kan kwantiragin yaron. Ka lura da abu ɗaya a nan: ba ɗaure shi aka yi aka kai shi Landan ba, shi ne ya zaɓa.

To da ya isa, me ya tarar? A tsakiyar Chelsea ta 2006 akwai Frank Lampard, wanda ke cin ƙwallaye kamar ɗan gaba, akwai Michael Ballack, kyaftin ɗin Jamus, da aka kawo a wannan bazarar, akwai Michael Essien na Ghana da ƙarfinsa yake kan ganiya, ga kuma Joe Cole. Babu kocin da zai zaunar da ɗaya daga cikin waɗannan domin yaro ɗan shekara 19 da ya fito daga gasar Norway. Gurbi ɗaya ne kaɗai ake hangen zai buɗe, wato na Claude Makelele, ɗan wasan tsakiya mai tare hari a gaban 'yan baya, wanda ya riga ya haura shekara 33. José Mourinho, kocin Chelsea a lokacin, ya dubi yaron, ya ga tsawo, ya ga ƙirji, ya ga ba a iya ƙwace ƙwallo a ƙafarsa, sai ya ajiye shi kusa da Makelele ya koyi aikin. Farkon bai zo da sauƙi ba, domin an ba shi jan kati a wasan Reading a watan Oktoban 2006, wasan da mai tsaron ragar Chelsea Petr Cech ya ji mummunan rauni a ka, an kuma sake korarsa a wasan ƙarshe na kofin League da Arsenal a Fabrairun 2007, lokacin da rikici ya kaure tsakanin 'yan wasa. Da Makelele ya koma Faransa a 2008, kujerar ta zama tasa.

Yanzu ga hukuncina. Abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, amma kai ma ba ka tashi a tutar babu ba. Gaskiya ne an yi asarar wani abu. Yaron da ke neman ƙwallo don ya tura ta gaba ya koma mutumin da aka hana shi tsallake layin tsakiya sai da dalili, kuma shekara da shekaru na wannan horo suna canza mutum. A wasanni 372 da ya buga wa Chelsea, ƙwallo 6 kawai ya ci, kuma a gasar Firimiya ɗaya tak, wadda ya ci Fulham a watan Satumban 2013, bayan shekara bakwai yana jira. Ranar abokan wasansa sun yi murna kamar kofi suka ɗauka.

Inda na rabu da kai shi ne cewa da ya zama kamar Messi. Gasar matasa ba ma'auni ba ce mai ƙarfi. A kowace gasa irin wannan akwai yaran da suka haska, bayan shekara biyar ba wanda ya san inda suka shiga. Mikel bai taɓa zama mai gudu ba, kuma ba mai yawan harbi a raga ba ne ko a ƙuruciyarsa, alhali lamba goma, wato mai wasa a bayan 'yan gaba, a Ingila ta wancan zamani yana buƙatar aƙalla ɗaya daga cikin biyun. Sannan ga wata hujja da ta fi ƙarfin ra'ayina da naka. Daga 2006 zuwa 2016 Chelsea ta yi ta sauya masu horarwa kamar riga: Mourinho, Grant, Scolari, Hiddink, Ancelotti, Villas-Boas, Di Matteo, Benitez, sannan Mourinho da Hiddink suka sake dawowa. Kowannensu ya zo da nasa ra'ayi, kowannensu yana da ikon mayar da shi gaba ko ya sallame shi, amma babu wanda ya yi hakan, duk suka bar shi a inda Mourinho ya ajiye shi. Ko a Najeriya, ka tuna gasar duniya ta 2018 a Rasha. A wasan farko da Kuroshiya, kocin Najeriya na lokacin, Gernot Rohr, ya sa shi a lamba goma kamar yadda jama'a suka daɗe suna roƙo, aka ci Najeriya biyu da nema, kuma da ƙyar aka ga inuwarsa. A wasa na biyu da Iceland aka janyo shi baya, aka saki Wilfred Ndidi da Oghenekaro Etebo su yi gudun, Ahmed Musa ya ci biyu. Ka kai wannan majalisa ku tattauna.

TAMBAYA: Malam, ina yi maka fatan alheri. Ina da yaro ɗan shekara 16 da ke wasa a ƙungiyar unguwarmu, kocinsu ya ce lamba huɗu zai riƙa bugawa. Kullum yana dawowa gida ransa a ɓace, wai babu mai ganin ƙoƙarinsa, yana so ya koma gaba ya riƙa cin ƙwallo. Ni ban san kan ƙwallo ba sosai. Mene ne ainihin aikin wannan wuri, kuma akwai abin alheri a cikinsa? Daga wani magidanci a Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Alhaji, Allah ya raya muku shi, ya yi masa albarka. Ɓacin ransa ba abin mamaki ba ne, domin wurin da aka ba shi shi ne inda karin maganar nan ta kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi ta fi dacewa a duk filin ƙwallo. Abin da muke kira lamba huɗu a filayenmu, Turawa sun fi kiransa lamba shida, amma aikin ɗaya ne.

Ku ɗauka ƙungiya gida ce. Masu tsaron baya su ne bango, mai tsaron raga shi ne ƙofar ɗaki, shi kuma lamba huɗu shi ne mai zama a zaure. Yana tsayawa ne a gaban 'yan baya biyu na tsakiya, a daidai wurin da ɗan wasan da ya fi kowa wayo a cikin abokan hamayya yake son ya karɓi ƙwallo. Yawancin aikinsa ba ƙwace ƙwallo ba ne, toshe hanya ne: ya matsa taku uku zuwa hagu domin wanda ke riƙe da ƙwallo ya duba ya ga babu hanya, ya haƙura ya mayar da ita baya. Ɗan kallo ba ya ganin wannan, saboda idonsa yana kan ƙwallo, kuma abin da aka hana faruwa ba ya da hoto. Idan ɗan baya na gefe ya tafi kai hari, shi ne zai koma ya rufe gurbin da aka bari. Idan aka ƙwace wa ƙungiyarsa ƙwallo aka taso da gudu, shi ne zai jinkirta harin har 'yan'uwansa su dawo, wani lokaci ma ya ja riga da gangan ya karɓi katin gargaɗi, domin ya gwammace katin da a ci su. Idan kuma ƙwallo ta dawo hannunsu, shi 'yan baya ke fara nema, sau da yawa yana juya wa ragar abokan hamayya baya, ga mutum manne a bayansa.

A wannan na ƙarshe ne Mikel ya yi fice. Yakan karɓi ƙwallo, ya buɗe hannuwa, ya tura ƙugu baya, ya sa jikinsa tsakanin ƙwallon da mai son ƙwacewa, sai ka ga ƙato yana ta zagaye shi kamar mai neman ƙofar rumbu. A ƙarshe ko dai a ture shi alƙali ya busa, ko ya miƙa wa na kusa da shi a hankali. Wannan miƙawa ta kusa ce 'yan kallo suke yi wa tsaki, amma ita ce ke ba ƙungiya damar numfasawa.

Idan kuna so yaronku ya ga darajar wurin da idonsa, ku sa a nemo masa wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai da aka yi ranar 19 ga Mayun 2012, kuma ku ce masa kada ya kalli ƙwallo, ya kalli mai lamba 12. Chelsea ta je gidan Bayern Munich ne ba tare da John Terry da Ivanovic da Ramires da Meireles ba, duk an dakatar da su, sannan 'yan bayanta biyu, Gary Cahill da David Luiz, daga jinya suka taso. A gabansu kuma ga Robben da Ribery da Müller da Gomez, ga Kroos da Schweinsteiger suna turo musu ƙwallo. Na kalli wasan a wani gidan kallo da ya cika har bakin ƙofa, ana ta zufa, kuma ina tuna wani dattijo a bencin gabana da ya yi ta ƙirga bugun kusurwar Bayern da yatsu har yatsun suka ƙare. Bayern ta samu kusurwa 20, Chelsea ɗaya tak, kuma da wannan ɗayar Drogba ya farke ƙwallon da Müller ya ci. Yawan kusurwar nan kansa shaida ne. Bayern ta yi ta komawa gefe ne saboda ta tsakiya ba ta biyuwa, kuma wanda ya zauna a tsakiyar na minti 120, tare da Lampard, shi ne Mikel. Da aka ci kofin a bugun fenariti, sunan Drogba da na Cech aka yi ta kira a titi har asuba, kuma sun cancanta, amma waɗanda suka san wasa sun san wanda ya riƙe zauren.

Game da ko akwai abin alheri a wurin, tarihi ya amsa. A 2003 Real Madrid ta sayar da Makelele ga Chelsea, ta sayo David Beckham a wannan bazarar, a tunaninta mai ƙwace ƙwallo ba shi da wuyar samu. Ba ta sake cin gasar Sifaniya ba sai 2007. N'Golo Kanté ya ci Firimiya da Leicester a 2016, ya koma Chelsea ya sake ci a 2017, 'yan wasa 'yan'uwansa suka zaɓe shi gwarzon shekara. A 2024 Rodri na Manchester City, wanda shi ma a nan yake wasa, ya ɗauki kyautar Ballon d'Or. Shawarata ita ce yaron ya zauna inda kocinsa ya sa shi, ya koyi waiwayawa kafin ƙwallo ta iso gare shi, ya koyi bugawa da ƙafa biyu. Abu ɗaya kawai zan ƙara, wanda na ɗauko daga labarin Mikel: kada ya bari tsoron kuskure ya hana shi tura ƙwallo gaba idan hanya ta buɗe, domin masu horarwa na yanzu suna neman wanda zai tare kuma ya raba. Kuma kada ƙwallon ta ci karatunsa.

TAMBAYA: Shin Mikel sunan yanka ne, kuma ɗan wane gari ne? Daga wani mai karatu a Damagaram.

AMSA: An haife shi a Jos ranar 22 ga Afrilun 1987, iyayensa 'yan ƙabilar Ibo ne, mahaifinsa yana harkar sufuri a garin. Sunan da ke takardarsa Michael ne, irin na mahaifinsa. Lokacin da ake rajistar 'yan wasa domin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Finlan a 2003, jami'an hukumar ƙwallon Najeriya suka rubuta Mikel bisa kuskure, sunan ya yi masa daɗi, ya riƙe. A makarantar ƙwallo ta Pepsi da ƙungiyar Plateau United ya fara. A Jos ɗin ne kuma Ahmed Musa da Ogenyi Onazi suka taso, kuma su ukun suna cikin tawagar Stephen Keshi da ta ci kofin Afirka a 2013, inda Onazi ya riƙa yi wa Mikel irin aikin da shi Mikel yake yi wa Lampard a Chelsea.

TAMBAYA: Malam, na ji ana cewa an taɓa sace mahaifin Mikel yana tsakiyar gasa amma bai fasa wasa ba. Gaskiya ne? Kuma me ya raba shi da Chelsea bayan duk daɗewar da ya yi? Daga wata mai karatu a Jos.

AMSA: Malama, gaskiya ne, kuma sau biyu abin ya faru. Na farko a watan Agustan 2011, lokacin da aka sace dattijon a Jos ana dab da fara kakar wasa. Mikel ya buga wasan farko da Stoke City bai san inda mahaifinsa yake ba, sai bayan kwanaki 'yan sanda suka gano shi a Kano. Na biyu ya fi tsanani. Ranar 26 ga Yunin 2018, sa'o'i kaɗan kafin wasan Najeriya da Ajantina a birnin Saint Petersburg, wasan da zai tantance wanda zai tsallake zuwa zagaye na gaba, aka kira shi a waya aka shaida masa an kama mahaifinsa a hanyar Makurdi zuwa Enugu, tare da gargaɗin cewa idan ya faɗa wa hukuma za a kashe shi. Bai faɗa wa koci ba, bai faɗa wa abokan wasa ba. Ya ɗaura kambin kyaftin ya buga minti 90, aka ci Najeriya biyu da ɗaya da ƙwallon Marcos Rojo ana dab da tashi, kuma sai da 'yan sanda suka kuɓutar da dattijon bayan kusan mako guda sannan duniya ta ji labari. Ba zan ce kowa ya kamata ya yi abin da ya yi ba, domin da ya ce ba zai iya ba, babu mai hankalin da zai zarge shi.

Rabuwarsa da Chelsea kuwa tana da alaƙa da Najeriya. Tun zuwan Nemanja Matic, mai wasa a wurinsa, a farkon 2014 ya fara zaman benci, ko da yake Hiddink ya dawo da shi fili a ƙarshen 2015. A bazarar 2016 sabon koci Antonio Conte ya zo, aka sayo Kanté daga Leicester, shi kuma Mikel ya zaɓi ya tafi wasannin Olamfik na Rio a matsayin kyaftin, a daidai lokacin da ake shirin sabuwar kaka. Wannan ita ce tawagar da ta maƙale a Atlanta ta Amurka saboda matsalar jirgi, ta sauka Manaus sa'o'i kaɗan kafin wasanta na farko, ta kuma doke Japan biyar da huɗu. Suka ƙare da lambar tagulla bayan sun ci Honduras uku da biyu, kuma ita ce kaɗai lambar da Najeriya ta samo a Rio. Da ya koma Landan, Conte bai sa shi ko wasa ɗaya ba. A watan Janairun 2017 ya tafi Tianjin TEDA ta ƙasar Sin, ɗauke da kofin Firimiya biyu, na Zakarun Turai ɗaya da na Europa ɗaya.

Daga nan ya zagaya: Middlesbrough a 2019, sai Trabzonspor ta Turkiyya, wadda ya bari a watan Maris na 2020 bayan ya fito fili ya ce bai dace a ci gaba da wasa ana cikin annobar korona ba, sai Stoke City, sai wani ɗan gajeren zama a Kuwait. Najeriya kuwa ya yi mata sallama bayan gasar Afirka ta 2019 a Masar, inda aka zo na uku, bayan ya buga mata wasanni kusan 90. A watan Satumban 2022 ya sanar da cewa ya ajiye takalma, yana da shekara 35.